Motar da Baba Bai Taɓa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gidanmu na Gumel, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen damina. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ina cikin gida tare da mata, don haka ban ga taron da idona ba. Wana ne yake shigowa yana ba mu labari. Ya ce layinmu ya cika da motoci har bakin titi, bas-bas da ƙananan motocin haya da a-daidaita. Ya ce direbobin tasha sun zo kusan dukkansu, wasu daga Maigatari, wasu daga Sule Tankarkar, har sai da aka aro tabarmi a masallaci. Kowa ya zauna maganarsa ɗaya ce, wai an yi rashin mai amana. Wani dattijo da ake ji da shi a tasha har ya ɗaga murya ya ce ba za a sake yin makanike irin Malam a garin nan ba.

Inna tana zaune a bakin gado da carbi a hannu. Ta ɗago ta dubi wana.

"Su wa suka ce haka?"

Ya faɗa mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To. A kai musu ruwa."

A tsakar gida ma kowa da abin da ta tuna. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce duk ranar da injin markaɗenta ya tsaya, kafin ta aika Baba ya iso da sifana a aljihu, don ya ji shirun injin daga ɗakinsa. Gwaggo, ƙanwarsa, tana ta kama hannun duk wadda ta shigo. Daga waje kuma, ta saman katanga, muna jiyo kukan Baffa, ƙanen Baba. Shi ke karɓar gaisuwa a matsayin babban gida yanzu, kuma kukansa ya fi na kowa ƙarfi. Wata baƙuwa da ke kusa da ni ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ku ji ɗan'uwa. Wannan shi aka yi wa mutuwa."

Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Ni ce 'yarsa ta biyu, ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa. Abin da ya tashe ni daga wurin shi ne na san motocin nan da suka cika layinmu. Shekaru ke nan rabon da yawancinsu su tsaya a garejin Baba. Masu su kuwa sun san dalili, ni ma na sani, don a gabana aka yi abin. Amma ba na so a tuna da Baba da wannan kaɗai. Bari in fara da shi kansa.

Garejinsa ba wani gini ba ne. Inuwar darbejiya ce a gefen hanyar Maigatari, da rami ɗaya da ake hawa da mota a kai, da benci, da wani akwatin ƙarfe da yake kulle kayan aiki. Yana gyaran komai na mota, amma a kan kuloci aka san shi. Idan direba ya zo yana cewa motarsa na ihu ba ta tafiya, Baba ba ya buɗe komai tukuna. Sai ya zagaya motar yana shinshinawa, don kuloci idan ya fara ci yana da wani ƙauri nasa da bai yi kama da na birki ba. Sannan ya ce, "Shiga ka ja mu, bari mu ji ta bakinta." Ya zauna a gefe, idonsa a kan ƙafar hagun direban. Mutane da yawa sun sha mamaki, sun kawo mota gyara an ɓige da kallon ƙafarsu.

Idan sun dawo sai ya sa a ja birkin hannu, a saka babbar giya, a ɗan taka totur, a saki kuloci a hankali. In injin ya mutu, sai ya ce wa direban ya godewa Allah, faifan kulocinsa na nan da ransa, a nemi ciwon a wani wuri. In kuwa injin ya ci gaba da kuka ƙafa a sake, to kuloci na zamewa. Ko a nan ɗin ma ba ya gaggawar sauke giya. Yana fara danna fedar da hannu ya ji ko tana da ɗan wasa a sama, don wani lokaci waya ce kawai ta ɗaure da yawa, tana riƙe kulocin ba ya kamawa sosai.

Na tuna wani direba ɗan Damagaram da motarsa ta gaza a Gumel cikin azumi, da matarsa da 'ya'yansa a ciki. An riga an faɗa masa a hanya cewa sai an sauke giya, ya iso hankalinsa a tashe yana ta cewa, "Malam, ambiriyaj ne, ambiriyaj ya mutu." Baba ya yi dariya ya ce shi bai san wannan mutumin ba, amma in kuloci yake nufi bari a duba. Ya danna fedar, ya sunkuya ya sassauta waya, ya sa aka gwada, mota ta kama. Kafin la'asar an gama. Amma Baba ya hana su tafiya, ya ce ba a shiga hanya da yara rana na shirin faɗuwa da bakin azumi. Ya kawo su gida, Inna ta dama kunu, suka sha ruwa da mu suka kwana. Tun daga nan mutumin nan bai taɓa wucewa ta Gumel bai tsaya ba, ko da cuku ne ya miƙa wa Baba ta taga. Ranar rasuwar ma ya zo. Wana ya ce can ƙarshen tabarma ya zauna.

In kuwa aikin na sauke giya ne, Baba ya kan wuni a cikin rami. Ya fitar da faifan ya duba yadda ya cinye, ya shafa fuskar ƙarfen da faifan ke kamawa ya ji ko ta yi zane ko ta ƙone, ya duba murfin da ke danne faifan, ya juya boris, zoben ƙarfen nan mai juyawa, a kusa da kunnensa. Ya kan leƙa bayan inji ya ga ko baƙin mai na zuba, don ya ce in mai na ɗiga a kan faifai, ko sabo ka saka zamewa zai yi. Yana da wani tsohon sandan giya da yake daidaita sabon faifai da shi kafin ya ɗaure, ba ya bari kowa ya ara. Idan ya gama, abu na ƙarshe da yake yi shi ne ya ɗauki tsohon faifan ya danƙa wa mai motar a hannu. "Ga naka, tafi da shi." Wasu su ce me za su yi da shi, ya ce ko jefarwa za su yi su jefar da kansu. Haka yake yi wa kowa, sani ko baƙo.

Shi ya koya mini tuƙi. Lokacin da aka tura ni Gagarawa, na gaji da jiran mota ta cika, maigidana ya samo mini wata tsohuwar ƙaramar mota. Akwai waɗanda suka yi ta magana a unguwa, Baba bai saurare su ba. Ya kan kai ni wani fili bayan gari da yamma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Abin da na fi ji daga bakinsa a filin nan shi ne, "Uwata, ɗauke ƙafarki. Kin sa giya, me kike jira a kan kuloci? Ajiye ta ƙasa." In na tsaya a ɗan tudu ina riƙe motar da kuloci sai ya dafe kai kamar shi nake ƙonawa. Mutum ne mai saurin faɗa a kan mota, mai sanyi a kan komai bayan ita. Ban taɓa jin ya zagi wani ba. In ransa ya ɓaci sosai, sai ya ɗauki tsumma ya yi ta goge sifanar da ba ta da datti.

Baffa kuwa Baba ne ya raine shi. Mahaifiyarsu ta rasu Baffa bai fi shekarun shiga makaranta ba, kuma kafin ta cika ta ce wa Baba ya riƙe shi. Baba ya riƙe shi. Shi ya koya masa mota, shi ya tsaya masa har ya sami bas ɗin da yake ja tsakanin Gumel da Maigatari, shi ya yi masa aure. Muna yara Baffa muka fi so a duk dangi. Mai barkwanci ne, mai kyauta, duk ranar kasuwa sai ya shigo mana da dabino a aljihu. Rigimarsu da Baba ɗaya ce tal, ita ce ƙafar hagu. Baffa ya kan ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga tasha har inda za shi, Baba ya yi faɗan har ya gaji. Baffa ya ce, "Yaya, ai don ina da kai ne." Su yi dariya.

Ranar da abin ya fara Laraba ce, gobe kasuwar Maigatari. Na kai motata a sauya mata mai, ina zaune a kan dutse a inuwa ina jira. A kan benci akwai direbobi biyu, abokan Baba ne tun ƙuruciya, suna ɓare gyaɗa. Sai ga Baffa da bas ɗinsa. Tun kafin ya tsaya Baba ya ɗago kai daga aikina, don ƙaurin ya riga motar isowa.

"Yaya, ɗan taɓa mini wayar nan. Tun shekaranjiya in na taka sai ta yi ta ihu ba ta ja."

Baba ya sa shi ya ja birkin hannu ya saka babbar giya ya saki kuloci. Baffa ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya, injin bai ko girgiza ba. Baba ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya shafo wani wuri tsakanin inji da giya, ya fito ya nuna masa yatsunsa baƙi ƙirin da mai.

"Wannan ya wuce waya. Faifan ya ƙare, ga mai kuma yana zuba a kansa. Sai an sauke giya, a sauya faifai, a toshe inda man ke fita. Ka bar ta nan, jibi ka ɗauka."

"Jibi? Yaya, gobe Alhamis."

"Na san gobe Alhamis."

"Ka taɓa ta kawai ta kai ni kasuwa ta dawo. Ranar Juma'a da kaina zan kawo ta."

"Ba zan taɓa ba. In na taɓa za ka ɗauka na gyara, ka ɗebi mutane. Motar nan ko tudu ba za ta hau da kaya ba, balle yashi."

Baffa ya juya wurin mutanen benci ya ce su ba Yaya baki. Ɗayansu ya ce, "Ka ji maganar Malam mana, kasuwa ba ta ƙarewa." Baffa ya yi dariya, ya ɗauki sifana a kan akwatin Baba, ya buɗe gaban motar ya yi ta murɗe-murɗensa. Baba ya koma kan motata bai sake kallonsa ba. Duk wanda ya wuce ta hanyar a yammacin nan ya ga bas ɗin Baffa a buɗe a garejin Baba. Da zai tafi Baba ya ce masa, "Na roƙe ka, kada ka sauka daga kwalta." Baffa ya ɗaga hannu ta taga.

Washegari ya je kasuwa ya dawo da ita da ƙyar. Da la'asar, yana sauke fasinja, wani mutum ya tare shi a kan babur, ya ce matarsa na naƙuda tun jiya a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, abin ya gagari mata, ana neman motar da za ta kai ta asibitin Gumel. Direbobi da yawa sun ƙi saboda hanyar. Baffa ya yarda. Zan faɗi wannan don gaskiya ce, tausayi ne ya kai shi. Ya isa ƙauyen, aka sa matar a baya da mahaifiyarta da mijin. A dawowa, a wani kwari mai yashi, bas ta nutse. Ya taka, ya sake taka, ya yi ta wasa da kuloci yana neman fita, har hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashi. Daga nan ko giya ya saka, inji na kuka, taya ba ta motsi. Sai da aka nemo amalanke ta kai matar bakin titi. Da aka isa asibiti an ceci uwar, amma jaririn ya riga ya rasu.

A harabar asibitin mijin ya shaƙe Baffa, mutane suka taru. A nan ne Baffa ya ce shi ba shi da laifi, jiya-jiya ya kai motar wurin yayansa, yayan ya ce masa ya saka sabon faifai, ashe tsohon ya mayar.

Kafin sallar Juma'a maganar ta gama tasha. Wana ne ya kawo ta gida. Ina nan lokacin. Na miƙe na ɗauki mayafina na ce tasha zan je, a gabana aka yi, zan faɗa a gaban kowa.

"Uwata, zauna."

"Baba, ƙarya ya yi maka!"

"Na ji. Zauna."

Na zauna. Sai Baba ya ce mijin matar na maganar kai ƙara. In aka san an gargaɗi Baffa ya ƙi ji, za a kore shi daga tasha, wataƙila a ɗaure shi, kuma yana da yara ƙanana cike da gida. Shi Baba kuwa ya tsufa, 'ya'yansa sun kama kansu. Ya ce tsoro ne ya sa Baffa faɗin haka, in hankalinsa ya dawo zai gyara maganar da bakinsa, a ba shi lokaci. Sannan ya ce abin da na fi jin zafinsa.

"Kuma ni ma ina da nawa. Makullin na jikin motar, ina tsaye. Da na zare shi na sa a aljihu, da me zai yi mini?"

Na ce to ai akwai mutum biyu a kan benci, su za su faɗa. Baba ya ce wataƙila. Ɗayansu ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya daga bakin titi bai ko zauna ba, ya ce, "Malam, sai haƙuri, ka san zaman tasha." Ɗayan kuwa ya sauya hanyar da yake bi zuwa masallaci. Mutanen nan tare suka yi ƙuruciya da Baba. Ranar rasuwarsa su biyun suna sahun gaba.

Mako bai cika ba Baba ya ce in kai shi ƙauyen ya yi gaisuwa. Inna ta ce kada ya je, zuwansa zai zama kamar ya amsa laifi. Ya ce an yi rashi, kuma sunansa na cikin maganar, ba zai zauna a gida ba. Na ja shi a motata muka bi hanyar. Da muka zo kwarin, ga ramin da tayoyin bas suka tona yana nan, ga rassan da aka cusa a ƙarƙashi. Baba ya ce in saka giya ta biyu tun kafin mu shiga, in riƙe totur daidai, kada in taɓa kuloci ko motar ta yi nishi. Muka wuce. Ya waiwaya yana kallon wurin har ya ɓace.

A ƙofar gidan maza na zaune. Baba ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne. Ina tsaye a bakin zaure na ji mijin yana cewa, "Kai ne? Har kana da idon zuwa nan?" Ya faɗa wa Baba maganganun da ba zan maimaita ba. Baba yana tsugune, hularsa a hannu, abin da kawai yake cewa shi ne, "Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya sa mai ceto ne." Wani tsoho a cikinsu ne ya tsawatar, ya ce mutumin da ya tako da ƙafarsa ba a yi masa haka, a bar wa Allah. Ina jin zuwan nan ne ya kashe maganar ƙara.

Ni aka shigar da ni wurin matar. Yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, tana kwance a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya. Da aka ce mata ga baƙuwa daga Gumel, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yar mai gyaran?" Na ce ni ce. Ta ce, "Namiji ne." Ta sake juyawa. Gaskiyar tana bakina, Baba kuma ya hana ni. Na yi mata addu'a na fito.

Daga nan garejin ya fara mutuwa. Ba wanda ya zo ya ce ya daina kawo mota, kawai sai ka ga bas ta wuce ta gabansa tana ƙauri ta nufi wani wuri. Waɗanda Baba ya danƙa wa tsohon faifansu a hannu sau da yawa, su ne suke cewa ai mutum ba a gama saninsa. Baba ya koma gyaran injin ban-ruwa da na niƙa, da damina kuma ya tafi 'yar gonarsa. Amma kullum da safe sai ya sa rigar aikinsa ya je ya share ramin nan, ya zauna a benci har azahar. Wani lokaci in na taso daga makaranta na kan biya. Ya ce, "Uwata, buɗe mu gani," ko da lafiyar motar ƙalau. Sai in buɗe.

Baffa bai gyara maganar ba. Ya kai bas ɗinsa wani gari aka gyara, ya ci gaba da lodi. Da sallah ya kan zo da yaransa, ya durƙusa ya gai da Baba, a kawo tuwo su ci tare. Baba ya tambaye shi, "Yaya motar?" Ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Shi ke nan. Wata sallar na wuce shi a zaure ban gaishe shi ba. Ranar ce kaɗai Baba ya ɗaga mini murya a rayuwata. Ya ce ƙanensa ne, ubana ne, in koma in gaishe shi. Na koma na gaishe shi. Da na dawo na ce, "Baba, sunan nan da ka bari aka ɓata ba naka ba ne kai kaɗai. Mu ma da shi ake kiran mu. A makarantarmu an taɓa ba da labarinka a gabana, mai bayarwar bai san ni 'yarka ce ba." Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Uwata. Zai faɗa." Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan, ya zaɓi ƙanensa a kanmu. Har yau ban gama sanin ko daidai ya yi ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana ina ba shi kunu sai ya ce, "Matar nan ta ƙauye, ko ta sake haihuwa?" Shekaru sun wuce ba wanda ya ambace ta. Na ce ban sani ba. Ya ce a bincika masa. Wana ya hau babur ya je, ya dawo ya ce ta haifi mace, har tana gudu a tsakar gida. Baba ya yi ta hamdala. Ranar ya shanye kununsa duka, har ya nemi ƙari.

Baffa ya zo duba shi ana saura 'yan kwanaki ya rasu. Na ba su wuri na zauna a bakin ƙofa. Baffa ya yi hirar tsadar mai, ya yi ta lalacewar hanya, ya yi ta wani direba da aka kama a kan iyaka. Baba yana kwance yana kallon fuskarsa bai ɗauke ido ba. Na san abin da yake jira. Baffa ya murza hularsa, ya buɗe baki, sai ya ce, "To Yaya, Allah ya ƙara sauƙi, na bar fasinja a tasha." Bayan ya fita na shiga. Baba ya ce, "Kin ga yadda ya rame? A ce wa Innarku ta aika masa da abinci."

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Baffa ya shigo cikin gida gai da Inna. Ɗakin akwai Gwaggo da ni da wasu mata na dangi. Ya tsuguna a bakin ƙofa, idanunsa sun kumbura. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Innar yara, zama tare ba a rasa saɓani. In akwai wani abu da ya taɓa shiga tsakanina da Yaya, ina roƙo a yafe mini."

Inna ba mai yawan magana ba ce, duk shekarun nan ban taɓa jin ta ce masa komai ba. Ta ajiye carbinta.

"Shi ya yafe maka tun ranar. A gabana ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Amma a ɗakin nan ka yi maganar?"

Inna ta ci gaba.

"A gaban mutane ka yi ta. Suna nan, jiya ma sun cika ƙofar gidan nan. Ka je tasha ka faɗa musu abin da aka yafe maka."

"Innar yara, abin ya wuce. Tono shi ba zai dawo da kowa ba."

"Ban ce ka dawo mini da kowa ba. Ga 'ya'yansa nan. Ka mayar musu da sunan ubansu."

Gwaggo ta dubi Inna ta dubi Baffa, don ita sai ranar ta fara jin akwai wata magana. Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "To. In Allah ya yarda." Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita.

An yi bakwai, an yi arba'in. Wana yana bi ta tasha kullum, kuma kullum in ya shigo Inna ta kan dube shi, ya girgiza kai. Ranar da aka share makoki ta kira ni ta ce, "Ubanku ya hana ki magana don yana jiran ƙanensa. Ya jira har ya tafi. Ni ba zan jira ba. Ki rubuta yadda aka yi, kada ki ƙara, kada ki rage."

Na rubuta. Ban kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu. Duk wanda ya taɓa jin cewa wani makanike a Gumel ya mayar wa ƙanensa tsohon faifai ya ce sabo ne, to ya sani ko sifana bai ɗora a kan motar nan ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya wanke shi a can fiye da yadda muka iya wanke shi a nan. Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa, ya faɗa mata da bakinsa cewa ya riƙe abin da ta ba shi. Jaririn nan da bai zo da rai ba, Allah ya sa ya ceci iyayensa. Baffa kuwa, Baba ya yafe masa, ni shaida ce. Ni dai ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan ce na kai ba a ta'aziyyar Baba.